Hattara da masu "maganin yoyo" na barandar da ke kan ɗakin ƙasa

Jama'a, musamman masu gini a Abuja da sauran wuraren da fili ke da gangare, ku saurara. Akwai wasu da ke yawo a unguwannin da ake sababbin gine-gine, suna kuma talla a Facebook da WhatsApp, wai su ƙwararru ne wajen hana ruwa ratsa dekin. Gidan da suka fi farauta shi ne wanda barandarsa ke zaune a kan ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka riga aka gama, an yi silin na POP, an ja wayoyin lantarki, an zuba kaya. Sun san mai irin wannan gida a tsorace yake da ruwa, ba zai tsaya dogon ciniki ba.

Aikina duba gini ne, kuma duk inda aka kira ni muka fasa tayil bayan aikinsu, abu ɗaya muke tararwa.

Da rani suke zuwa, lokacin da babu ruwan saman da zai tona musu asiri. Za su nuna maka yankin fel mai kyau (wato shimfiɗar kwalta mai hana ruwa ratsawa), kaurin milimita 4, su ba ka takardar garanti ta shekara 10 wadda babu adireshin ofis a jikinta, su karɓi kafin alƙalami mai tsoka. Ranar aiki sai su zo da kwalta da aka tsinka da kananzir ko dizal, su shafe daben ya yi baƙi ƙirin. Wasu kan shimfiɗa fel ɗin, amma siriri, ba wanda ka gani ba. Wasu ma garin hoda kawai suke barbaɗawa a kwaɓin siminti su ce an gama. Washegari sun matsa wa mai tayil ya rufe. Kafin ruwan Agusta ya sauka, lambar wayarsu ta daina shiga.

Ku sani, tayil ba ya hana ruwa. Ta layukan da ke tsakaninsa ruwa ke bi ya sauka. Barandar nan rufin ɗaki ce, kuma aikin rufi ya kamata a yi mata.

Inda na fi so ku sa ido shi ne gefe, domin yawancin yoyon da nake gani ba daga tsakiyar dabe yake farawa ba. Daga mahaɗar dabe da bango yake, da ƙarƙashin ƙofa, da gindin ƙarfen baranda, da bakin magudana. Mai aikin gaskiya yana fara cike kusurwar da kwaɓin siminti don kada fel ya karye a wurin, ya shafa shafen farko, sannan ya ɗaga fel ɗin ya hau bango aƙalla santimita 15 sama da inda tayil zai tsaya. Daga nan a tsaga layi a jikin bango, a cusa bakinsa ciki, a kifa masa fallen alminiyam, ta yadda ruwan da ya gangaro daga bango zai faɗo a kansa, ba ya bi ta bayansa ba. Wannan ne aikin da ke cin lokaci, shi ya sa ɗan damfara ba ya yin sa. Shi yanke fel ɗinsa yake daidai gindin bango ya lafta silikon, rana ta ƙone shi ya tsage. Haka nan mahaɗar fel da fel, sai ɗaya ya hau ɗaya da kamar santimita 10, a narka da wutar gas har kwalta ta ɗan leƙo.

Sai gangare. Idan daben bai karkata zuwa magudana ba, aƙalla santimita 1 a kowane santimita 80, ruwa zai kwanta yana neman kafa. Kuma ba a manna fel a kan ɗanyen kankare. Danshin ciki ne zai kumbura shi.

Abin da ke ƙona mini rai, ɓarnar ba ta tsaya ga silin da ya yi tabo ko fentin da ya ɓare ba. Ruwa na isa ga rodin da ke cikin dekin, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Ga wayoyin wuta a jiƙe a saman ɗakin da yara ke kwana. A nan ne kashi na biyu na damfarar ke zuwa: wani ya bayyana ya ce zai tsiyaya "kemikal" a kan tayil ko ya shafe silin ta ciki. Kulle ruwan kawai zai yi a cikin dekin.

Don Allah, kada kowa ya yarda a ɗora tayil ko ɗaya sai an yi gwajin ruwa. A toshe magudana, a cika barandar da ruwa kamar santimita 5, a bar shi awa 24 zuwa 48, kai da kanka ka sauka ƙasa ka duba silin da kusurwoyi. Wanda ya ce gwajin ɓata lokaci ne, ka sallame shi a ranar. Fel ɗin kuma ka saya da kanka, ko a kwance shi a gabanka ka karanta kaurin a jikin takardarsa ka ƙirga naɗin. Yawanci kowane ɗaya mita 10 ne a faɗin mita 1, lissafin ba wuya. Ka ɗauki hoton kowane gefe kafin a rufe. Ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, idan ya ce shi injiniya ne ya ba ka lambarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfani, a rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso zai zauna a hannunka har damina ta wuce.

Wanda kuma aka riga aka cuta, ya haɗa rasit da hotuna da saƙonnin da suka yi, ya kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, ya kuma kashe wutar ɗakin ƙasan har sai mai lantarki ya duba.