Ma'aikatar gwamnati ko ƙaramin kamfani: ina ya fi dacewa ɗalibi ya yi IT?

Assalamu alaikum. Wani ƙaninmu a wannan zaure, ɗalibin injiniyan lantarki da ke aji huɗu a jami'a, ya kawo tambaya. Lokacin fitarsa IT, wato koyon aiki a wajen makaranta, na wata shida ya matso, kuma yana da gurbi biyu a nan Kaduna. Na farko wata ma'aikatar gwamnati ce da kawunsa ya yi masa hanya, na biyu kuma ƙaramin kamfani ne mai haɗa sola da wayarin a gidaje da shaguna, wanda ma'aikatansa ba su kai goma ba. Yana so ya san wanne zai fi amfanarsa ranar da ya gama bautar ƙasa ya fito neman aiki.

Ƙanina, zan fara da dalilin da ya sa ake tura ku wajen, domin shi ne ma'aunin da za ka auna wuraren biyu da shi. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, ita ce ta ƙirƙiro shirin SIWES, wato wannan IT ɗin, a 1973, bayan masu masana'antu sun yawaita kukan cewa ɗaliban da ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma hannunsu bai taɓa aiki ba. Ke nan wata shidan nan an ware su ne domin hannunka ya taɓa aiki. Duk wurin da ba zai ba ka wannan ba, kome kyan ginin sa, ya karɓe maka zangon karatu guda ne ya maido maka da hatimi.

A zamanin iyayenmu wannan tambaya ba ta cika tasowa ba, saboda Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, kaɗai ta isa ta ɗauke ɗalibai masu yawa. Masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, ga UNTL da Arewa, ga kamfanin haɗa motocin Fijo da ya fara aiki a 1975, sannan a wajen Kakuri matatar mai ta zo a 1980. A irin waɗannan wurare ana samun babban suna da aikin hannu a haɗe. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 2000, shi ya sa a yau ɗalibi ke samun kansa yana zaɓi tsakanin suna da aiki. Har yanzu akwai wuraren da suka haɗa biyun ga mai karatun lantarki, irin su tashar Mando ta TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, da kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, sai dai gurabunsu kaɗan ne, masu nema kuma da yawa.

Bari mu ɗauki ma'aikatar tukuna, domin tana da amfanin da matasa kan raina. A can ne za ka ga yadda babban aiki ke tashi daga takarda ya zama gini: yadda ake karanta zanen wayarin na bene mai hawa uku, yadda ake fitar da ƙiyasin kaya da kuɗi, yadda ake tallata kwangila a tantance masu nema, da yadda injiniya ke zuwa ya duba aikin ɗan kwangila kafin a rubuta masa takardar biya. Za ka koyi rubuta wasiƙar ofis da rahoto, ka san wanda ake gaisarwa kafin a shiga wurin darakta. Akwai injiniyoyi masu rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, waɗanda sa hannunsu a logbuk ɗinka, wato littafin da kake rubuta aikin kullum, ba ya buƙatar bayani, makarantarku kuma ba za ta yi gardama kan wurin ba. Wanda burinsa aikin gwamnati ne ko babban kamfanin gine-gine zai ci moriyar wannan sani.

Sai dai duk wannan yana samuwa ne idan sashen da aka kai ka yana da aiki a hannu a daidai watannin da kake can. Aikin ma'aikata yana bin kasafin kuɗi, kuma sashe kan yi watanni yana jiran a saki kuɗi. Idan ka faɗa a irin wannan lokacin, za ka iske ɗaliban IT bakwai ko takwas a ɗaki mai kujera uku, wasu a gindin bishiya, ana aiken wannan ya yi fotokofi, wancan ya sayo wa oga abinci. Bayan mako biyu wani mai tausayi zai ce muku ba sai kun riƙa zuwa kullum ba, ku zo ranar Juma'a a sa muku hannu. Daga nan sai ɗalibi ya koma cike logbuk da abin da ya kwafo daga intanet, ya zana taransifomar da bai taɓa tsayawa kusa da ita ba. Maki kam zai iya samu. Abin da zai faɗa a intabiyu ne ba shi da shi.

Akwai kuma wani zato da ya kamata ka cire daga ranka, wato cewa IT a ma'aikata ƙofar samun aiki ce a wurin. Ɗaukar ma'aikata a gwamnati yana bi ta hukumar kula da ma'aikata ne, bayan an ba da izinin ɗauka, kuma sai mai takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, wanda ake farawa da shi a mataki na 08 idan mai digiri ne. A matakin tarayya ga batun rabon gurabe tsakanin jihohi. Daraktan da ya yaba da kai a bana ba shi da ikon ajiye maka kujera har nan da shekara biyu ko uku, wataƙila ma kafin lokacin an canza masa wurin aiki ko ya yi ritaya.

Ƙaramin kamfanin kuwa ba shi da halin ajiye mutum yana zaman banza, kuma wannan shi ne babban amfaninsa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, gidaje da asibitoci da makarantu da masu shaguna suka karkata zuwa sola, saboda haka masu wannan sana'a ba su rasa aiki ba. Ranar farko tsani za ka riƙe, amma kafin wata guda za ka hau rufi ka ɗaura fanel, ka ja kebul, ka haɗa inbata da batir, ka ga abin da ke faruwa idan aka saka wayar da ta yi wa lodi ƙanƙanta.

Ga misalin abin da nake nufi. Mai gida zai ce yana so fanka huɗu da ƙwan fitila goma da talabijin su kwana a kunne. Fanka huɗu masu wat 70 sun ba da 280, fitilu goma masu wat 10 sun ba da 100, talabijin ya ƙara kamar 100, jimla wat 480. Idan za su yi awa takwas, ana buƙatar wat-awa 3,840 ke nan, wato 480 sau takwas. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, amma irin mai ruwan nan ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka 1,200 za ka lissafa. Batir uku ba za su isa ba, sai huɗu, tun ma ba a sa abin da inbata ke ci ba. Lissafin ba shi da wuya, duk ɗan aji biyu zai iya shi a takarda. Abin da aji ba ya koyarwa shi ne tsayawa gaban Alhaji wanda ya riga ya ƙudurta batir biyu zai saya, ka fahimtar da shi cikin ladabi cewa wutarsa za ta ɗauke kafin asuba, sannan ka nuna masa abin da zai rage idan kuɗinsa iya na biyun ne. Wanda ya yi wannan sau da yawa, idan aka zaunar da shi a intabiyu, daga amsarsa ta farko masu tambaya za su gane.

Ta fuskar kuɗi ma akwai bambanci. Alawus ɗin da ake biya ta hannun ITF kaɗan ne, kuma ba a gina lissafin kuɗin mota a kansa, domin sau da yawa sai an gama IT ɗin kafin ya fito. Ma'aikata ba ta cika ba ɗan IT kome ba. Mai kamfani kuwa yakan ba da na mota da na abinci ranar fita aiki, kuma idan hannunka ya faɗa, zai ci gaba da kiranka a ranakun Asabar da lokacin hutu bayan ka koma makaranta. Da yawa daga nan suke fara samun kwastomomin kansu, tun kafin su karɓi sakamako.

Amma kada ka ɗauka ƙaramin kamfani ba shi da nasa haɗarin, kuma a ganina nasa ya fi wuyar gyara. Wanda ya yi zaman banza a ofis ya fito bai san kome ba, ana iya koya masa daga farko. Wanda ya yi wata shida ƙarƙashin mai aikin ha'inci kuwa ya fito da mugun sabo: ya saba ganin ana tsallake atin, wato wayar kariya da ake kaiwa ƙasa, domin a rage kuɗi, ana haɗa sabon batir da tsoho, ana hawa rufin kwano da silifas ba igiya ba hular kariya, ana taɓa waya ba a gwada ko da wuta a jikinta ba. Wani mai kamfanin kuma lebura kyauta yake nema, zai bar ka kana dakon batir da fasa bango har ka gama, ba zai taɓa zaunar da kai ya nuna maka yadda ya fitar da lissafi ba. Sannan ga batun takardu. Dole kamfanin ya kasance mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mai adireshin da malamin da zai zo duba ka zai iya samu, mai hatimi da wanda zai cike maka fom na 8 na ITF a ƙarshe. Ka kai sunansa ofishin SIWES na makarantarku su amince kafin ka fara, domin in sun ƙi wurin daga baya, wahalarka ta tashi a banza.

Da za ka tambaye ni zaɓina kai tsaye, ga mai karatun lantarki a Kaduna a wannan lokaci, kamfanin zan ce, bisa sharaɗin cewa akwai ƙwararre a cikinsa, injiniya ko mai HND da ya daɗe a aikin, wanda ya yarda zai riƙa fita da kai. Idan babu irin wannan mutum, kuma sashen da kawu ya samo maka yana da aikin da ake kan yi a fili, to ma'aikatar ta fi. Ka lura cewa a duka biyun mutumin da za ka zauna ƙarƙashinsa nake dubawa, domin shi ne zai koya maka, kuma lambarsa za ka rubuta a CV a matsayin wanda zai ba da shaida a kanka. Shaidar wanda ya ga aikinka da idonsa ta fi ta babban mutumin da zai ce ya tuna fuskarka. (Ga masu karatun akanta ko tsarin mulki da ke bibiyar wannan magana, lissafinku daban ne, domin aikinku na hannu a ofis ɗin yake, sai dai ku ma ku tambayi ko za a bar ku ku taɓa fayil da kwamfuta.)

Hanyar ganewa ba ta da wuya, gani ya kori ji. Ka je kowane wurin da safe ba tare da sanarwa ba. A ma'aikatar ka nemi 'yan IT da ke can yanzu, ka tambaye su yaushe rabon da a fita da su duba aiki, ka roƙi ɗaya ya nuna maka logbuk ɗinsa. A kamfanin ka roƙi a tafi da kai aiki na yini ɗaya, ka duba ko suna da mitar gwaji da kayan kariya, ko suna rubuta lissafin lodi kafin su faɗi farashi, da kuma yadda oga ke yi wa yaransa magana idan sun yi kuskure. Wasu makarantun suna yarda ɗalibi ya raba watannin tsakanin wurare biyu idan ya nemi izini a rubuce, saboda haka ka tambayi jami'in SIWES naku. In an yarda, wata huɗu a kamfanin da biyu a ma'aikatar zai ba ka aikin hannu da sanin takardu gaba ɗaya.

Duk inda ka je, ka buɗe wani littafi naka daban da logbuk ɗin makaranta. Ka riƙa rubuta kowane aiki da girmansa, misali inbata mai 5kVA da fanel nawa da batir nawa, abin da ya ba da matsala da yadda aka gano shi, ka ɗauki hoto da izinin mai wurin. Daga wannan littafin za ka ciro abin da za ka sa a CV, maimakon layi ɗaya da kowa ke rubutawa cewa ya yi IT a wuri kaza. Kuma ka karɓi takardar shaida mai hatimi a makon ƙarshe, tun kana gabansu.

Saura batun kawu, wanda na san shi ne ya fi damunka ko da ba ka faɗa ba. Kada ya ji labari a bakin wani. Ka je gida ka same shi, ka yi masa godiya, ka bayyana masa abin da ka gani a wuraren biyu, ka nemi shawararsa kafin ka faɗi naka ra'ayin. Idan ya amince da kamfanin, ka roƙe shi ya haɗa ka da injiniya ɗaya a ma'aikatar wanda za ka riƙa kai wa ziyara yana nuna maka zane da takardun ƙiyasi a ranakun da ba ku fita aiki ba. Idan kuma ya dage sai ma'aikatar, ka karɓa, ka roƙi a kai ka sashen da ke fita duba ayyuka, sannan ka shirya da mai kamfanin ka riƙa bin su aiki ranakun Asabar.