Tiyatar tsagewar leɓe kyauta a Sakkwato: abin da munka gani da idonmu

Salam jama'a. Tun da anka sallamo mu mutane ke ta tambayata wai da gaske kyauta ne aikin nan ko dai sai an je a ce kawo kaza kawo kaza, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ni mutumin Jega ne, ɗiyata ta uku ce anka haifa da tsagewar leɓe ta gefen hagu, tsagar ta haura har cikin hanci, ganɗarta ma a buɗe take. Ranar da ungozoma ta miƙo min ita wallahi sai da ƙafafuna sunka yi sanyi. Uwarta kuwa kwana uku tana kuka, ga masu zuwa barka kowa da tasa, wata ta ce ai ta fita ne ranar husufin wata, wata ta ce aikin iska ne, wata ma cewa ta yi a rufe yarinyar a ɗaki kar a fito da ita ranar suna. Inna ce kawai ta tsaya ta ce halittar Allah ce kuma ba wanda zai ɓoye mata jika.

Satin ta biyu munka kai ta wani asibitin gwamnati a Sakkwato da ke yin aikin, wani ma'aikacin lafiya na garinmu ne ya tura mu. To batun kuɗi dai in fara da shi: ba mu biya ko sisi na tiyata ba, ba kuɗin gado, ba kuɗin allurar barci. Akwai ƙungiyar Smile Train ta Amurka, wadda anka kafa a 1999, ita ke ɗaukar nauyin irin wanga aiki a asibitoci da dama a Najeriya, kuma abin da ya burge ni likitocinmu na gida ne ke yi, ba sai an jira Turawa sun zo ba. Amma kuɗin mota da abinci namu ne, kuma Jega zuwa Sakkwato zuwa da dawowa mutum biyu ba wasa ba ne a tsadar man nan, sau 6 munka yi zarya kafin a taɓa yarinyar.

Likitan da ya fara ganinmu ya zauna ya yi mana bayani da Hausa tsaf. Ya ce leɓen jariri yana haɗuwa ne tun cikin bai wuce sati 4 zuwa 7 ba, ganɗa kuma wajen sati 6 zuwa 9, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, in bai haɗu a lokacin ba shi ke nan sai a haife shi haka. Ya ce a duniya kusan 1 cikin jarirai 700 ake haifa da shi, wani gado ne, wani kuma yana da alaƙa da ciwon suga ko taba ko wasu magungunan farfaɗiya a farkon ciki, da yawa kuma ba a gano dalili. Sai ya juya wajen matata ya ce "Hajiya ba laifinki ba ne, ba husufin wata ba ne ba aljani ba ne." Wannan maganar kaɗai ta biya kuɗin motarmu, don tun daga ranar ta fara cin abinci sosai.

Inda abin ya yi mana wuya shi ne nauyi. Ni na ɗauka muna zuwa za a ɗinke, ashe sai jariri ya kai kamar wata 3, nauyinsa ya kai wajen kilo 5, jininsa kuma ya yi kyau. Ita ko ɗiyata ba ta iya kama mama, tana ja iska na shiga, nonon ya dawo ta hanci, ta shaƙe ta yi ta kuka har ta gaji ta yi barci da yunwa. Ramewa kawai take. A nan ne wata nas dattijuwa ta yi mana abin da har gobe nake mata addu'a. Ta zaunar da matata kusan awa guda ta koya mata tatsar nono a kofi mai tsabta, a zaunar da yarinya a tsaye-tsaye ba a kwance ba, a ba ta da ƙaramin cokali kaɗan-kaɗan ta gefen da ba tsaga, a riƙa tsayawa ana sa ta gyatsa don tana haɗiyar iska da yawa, kuma a ba ta akai-akai ko da dare ne. Ni ma ta ce "Malam matso, ba aikin mata kaɗai ba ne," haka na koya, ni ke karɓar na asuba. Ta hana mu ba ta ruwan jiƙo da koko, ta ce nono zalla. A ganina wannan koyarwar ta fi komai muhimmanci a duk hidimar, don yaron da bai yi nauyi ba ba zai ma kai ɗakin tiyata ba, kuma na ga wata mata daga wajen Anka da ta kawo nata wata 7 amma kamar ɗan wata biyu, don an ɓoye shi a gida ba wanda ya nuna mata yadda za ta ciyar da shi. Abin ya tsaya min a rai.

Abin da ban ji daɗinsa ba kuwa, sau biyu ana ba mu rana muna zuwa a ce an ɗaga, sau ɗaya ɗiyata tana mura wanda na yarda da dalilinsu don ba a sa wa mai mura allurar barci, amma ɗayan ba wanda ya kira mu alhali sun karɓi lambar wayata. Wajen yankar kati ma layi ne tun safe har azahar, kuma ba wurin kwanan masu jinya maza, a baranda na shimfiɗa tabarma sauro ya yi yadda ya so da ni. Duk mai zuwa ya riƙo gidan sauro da fulas.

Tana wata 4 da 'yan kwanaki anka yi na leɓen. Aikin bai kai awa biyu ba. Da anka fito da ita uwarta ta daɗe tana kallonta ta kasa magana, wai har ta saba da tsohuwar fuskar. Kwana 4 munka yi a gado, sunka nuna mana yadda ake goge wurin ɗinkin da yadda za a hana ta kai hannu baki, bayan sati munka koma anka duba. Tabon yanzu ɗan siriri ne, hancin gefen ya ɗan kwanta kaɗan, sun ce ana iya gyarawa in ta girma.

Saura ganɗa. Mutane da yawa in an ɗinke leɓe sai su ce ai ta warke su ƙi komawa tunda ba a ganin na ciki, kuma shi ne ke sa magana ta hanci da yawan ciwon kunne. Likita ya ce gara a rufe shi kafin ta fara magana sosai, tsakanin wata 9 zuwa shekara ɗaya da rabi. An ba mu rana bayan ƙaramar Sallah, yanzu kilonta 7 da ɗan wani abu, kuma na riga na fara ajiye kuɗin mota.