Abinci ko zafi: wanne ya fi juya girman fumfuna a farantin gwaji?

Wata 'yar'uwarmu mai aikin binciken kammala digiri ta ce ta ware fumfuna daga gyadar da ta lalace, ta dasa ta a kan abinci iri biyu, ta ajiye wasu farantai a akwatin ɗumi, wasu kuma a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje, sai sakamakon ya hargitse mata. Tambayarta ita ce, tsakanin abinci da zafi wanne ya fi tasiri. Amsata, 'yar'uwa, ita ce kowannensu da ɓangaren da yake riƙe da shi: zafi ne ke yanke saurin girma, har ma da yiwuwarsa, shi kuwa abinci ya fi nuna kansa a kaurin fumfunar da launinta da yawan ƙwayoyin irin da take fitarwa.

Kowace fumfuna tana da iyaka uku a wajen zafi, wato mafi ƙarancin da za ta motsa a cikinsa, da wanda ya fi dacewa da ita, da wanda idan an haura shi za ta tsaya. Galibin waɗanda muke renonsu sun fi son digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Salshiyos, amma tazarar da ke tsakanin jinsuna tana da faɗi, domin da yawa daga dangin Penicillium suna ci gaba da girma a hankali cikin firiji, alhali Aspergillus fumigatus tana bunƙasa a 37 kuma tana jure 50. Shi ya sa masu tantance Penicillium suke ajiye farantai a digiri 5 da 25 da 37 na tsawon kwana 7, saboda yadda ta amsa wa kowane zafi alama ce ta jinsinta. Abin da ya kamata ki lura da shi shi ne, hawa da sauka ba su yi daidai ba. Daga sanyi zuwa zafin da ya dace girma yana ƙaruwa sannu a hankali, amma da zarar an wuce shi sai ya faɗi da gaggawa, domin sinadaran da ke narkar mata da abinci suna lalacewa. Sanyi dai jinkirta ta yake yi, shi ya sa ake adana iri wata da watanni a digiri 4, zafin da ya wuce kima kuwa yana iya kashe ta.

Abinci ba haka yake aiki ba, kuma a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Abincin dankali da ake taƙaitawa da PDA ana haɗa shi ne da ruwan dafaffen dankalin Turawa giram 200 da gulukos giram 20 a lita ɗaya. Na Sabouraud, wanda wani likitan fata ɗan ƙasar Faransa ya samar a 1892 domin renon fumfunar da ke haddasa makero, yana da gulukos giram 40 da narkakken furotin giram 10, don haka ya fi ƙarfi. Na Czapek kuwa sukari ne giram 30 da gishirin naitiret a matsayin hanya ɗaya tilo ta samun naitirojin, kuma amfaninsa shi ne an san duk abin da ke cikinsa, ba kamar dankali ba da ke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Idan fumfunar gyadarki Aspergillus flavus ce, kamar yadda ake yawan samu, za ta yi girma a kan dukkan ukun, za ki ga farin zare ya fara bazuwa daga tsakiya, bayan 'yan kwanaki tsakiyar ta rikiɗe zuwa kore mai ratsin rawaya, gefen kuma ya zauna fari. Bambancin zai fito ne a yadda ta yi tudu ko ta kwanta, da lokacin da launin ya bayyana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna faɗin da'ira da rula, a ce abincin da ya fi faɗi shi ya fi kyau. A kan abinci maras ƙarfi, har ma a kan ruwa zalla da aga, wato sinadarin da ke daskarar da abincin a faranti, zaren fumfuna yakan bazu da nisa amma siriri, sai an ɗaga farantin a haske kafin a gan shi, kamar garken shanu a rani da ke warwatsuwa saboda ƙarancin ciyawa. A kan abinci mai ƙarfi kuwa takan yi rassa da yawa a wuri guda ta yi kauri. Saboda haka faɗi ma'auni ne mai kyau idan zafi kike kwatantawa a kan abinci iri ɗaya, amma idan abinci kike kwatantawa, gara ki rene ta a ruwa, ki tace, ki busar, ki auna nauyi. Yawan abinci ma yakan rage fitar ƙwayoyin iri, shi ya sa mai son ganin su domin tantancewa yake komawa ga abinci mai sauƙi irin na garin masara.

Akwai inda wannan rabo yake karyewa. Fumfunar Malassezia mai haddasa kyasbi yawancin jinsunanta ba sa tsirowa sai an sa musu mai, ko da zafin ya dace, a nan abinci ne ya yanke hukunci. Fumfunar Histoplasma kuma zare take yi a digiri 25, ta koma ƙwayar yis a 37, a nan zafi ne ya sauya siffa. Ita kanta Aspergillus flavus tana girma da ƙarfi a 37, amma dafin da take fitarwa, wato afilatoksin, ya fi fita a kusan 28 zuwa 30, kuma wannan ya shafi aikinki kai tsaye idan dafin kike nema.

A ganina farantan da kika bari a kan tebur su ne tushen matsalar. Abin da littattafai suke kira zafin ɗaki bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, alhali ɗaki a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu yakan haura 35 da rana, a hunturu kuma ya yi sanyi da dare, ga ɗaukewar wuta da ke mayar da akwatin ɗumin kansa abin shakka. Ki sa ma'aunin zafi kusa da farantan, ki rubuta abin da ya nuna safe da yamma, ki daidaita kaurin abincin da girman yankin da kike dasawa, misali yanki mai faɗin milimita 5 da aka yanko daga gefen fumfunar da ke kan girma, sannan ki maimaita kowane gwaji a faranti uku aƙalla. Ki fara tsayar da zafi a wuri ɗaya ki sauya abinci, daga baya ki tsayar da abinci ki sauya zafi. Kada kuma ki buɗe farantin da ya yi kore a sarari ko ki shinshina shi, kuma kafin ki zubar ki turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a digiri 121.