Korg Minilogue: ya dace da mai shirya kundinsa na farko?

Kamfanin Korg na Japan ya fitar da Minilogue, wani abin kiɗa mai maɓallai irin na piyano da ke haɗa sauti da lantarki (synthesizer), a 2016 kan kusan dala 500, kuma har yau masu kiɗan lantarki mai sanyi suna nemansa. Ainihin sautinsa na analog ne, wato da'irorin lantarki ne ke samar da shi ba manhajar kwamfuta ba, maɓallansa 37 ƙanana ne, yana kuma adana sauti 200.

Muryoyi huɗu kawai yake fitarwa a lokaci guda. Idan ka riƙe maɓalli huɗu ka ƙara na biyar, sai ya katse ɗaya daga cikin na baya. Mafita ita ce ka naɗi shimfiɗar kiɗan daban, amon da ke bisa kai daban. Kowace murya tana da injin sauti biyu, kuma idan ka ɗan karkatar da na biyun kaɗan, sautin zai yi kauri da daɗi. A nan ne na'urar ta fi burgewa.

Aibinsa fa? Idan ka mayar da maɓallin Attack, mai daidaita saurin tashin amo, zuwa sifili, za ka ji "ƙas" a farkon kowane amo, sai ka ɗan murza shi sama. Amsa-kuwwar da ke cikinsa tana da shuu, gara ka yi amfani da ta kwamfuta. Mafitar sautinsa mono ce, wato layi ɗaya ba hagu da dama ba, kuma babu ramin feda mai riƙe amo, abin haushi ga wanda ya saba da piyano.

Ƙaramin allonsa yana nuna siffar igiyar sauti yayin da kake murza maɓallai, ɗan koyo zai ƙaru da shi sosai. Ba ya aiki da batir, sai adafta mai bolt 9.