Layin eSIM da na saya: akwai data, babu kira

Wata huɗu na yi ina amfani da layin eSIM ɗin da na saya a wata manhaja kafin in baro gida zuwa ƙasar waje, kuma da farko ya burge ni ƙwarai. Shi eSIM sim ne da ake saukewa cikin waya, ba irin wanda ake zurawa da hannu ba. Ba zuwa shago, ba neman allurar cire sim. Lambar QR suka turo mini ta imel, na haska ta da kyamara, shi ke nan. Wayata iPhone ce, kuma tun daga XS ta 2018 suke ɗaukar irin wannan layi, don haka tsohon sim ɗina na bar shi a ciki. Jirgi na sauka sai ga sabis. Ina jiran jakata na kira maiɗakina ta WhatsApp, hoto tar, murya tar. Har abokan aiki biyu na tallata wa.

Abin da ba su rubuta inda ido zai gani ba shi ne, layin na data ne zalla. Ba shi da lamba, ba ya kira, ba ya karɓar tes. Ban damu ba, tunda kowa nawa yana WhatsApp. Kowa ban da Umma, wadda ƙaramar waya mai madannai take riƙewa.

Wata Laraba wajen ƙarfe 2 na dare saƙon murya ya shigo daga ƙanwata: "Yaya, jikin Umma ya tashi, muna hanyar asibiti." Na kira ta, bai shiga ba. Na tura saƙo, alama ɗaya ta tsaya, datarta a kashe. Na danna lambar Umma, sabon layin ya ce bai san zancen ba. Na koma tsohon layina, ba kati, ga shi kira daga waje cin kuɗi yake kamar wuta. Na buɗe manhajar banki in sa kati, ta ƙi ni, wai daga wata ƙasa daban nake shiga. Daga baya na gane yadda abin yake: datar irin waɗannan layukan sai ta zaga ta ƙasar da kamfanin ya haɗa na'urorinsa kafin ta fita intanet, sai banki ya gan ka inda ba ka taɓa takawa ba.

Hannuna na rawa na goge layin don in sake sa shi, ko zai gyaru. Ashe lambar QR ɗin sau ɗaya take aiki. Datar ma ta tafi. Ƙarfe 3 na dare na je na buga wa maƙwabcina ƙofa, mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Allah ya saka masa da alheri, bai tambaye ni komai ba ya miƙo wayarsa. Da na ji Umma ta ce "Kwantar da hankalinka, ɗan nan, da sauƙi," sai da na zauna a bakin matakala.

In faɗi gaskiya, goge layin laifina ne, kuma mai tafiyar sati ɗaya ko biyu zai ji daɗinsa, don saurinsa bai taɓa ba ni kunya ba. Amma me zai hana su sa gargaɗi kafin mutum ya goge? Na rubuta musu a daren, na'ura ce ta yi ta maimaita mini amsa ɗaya. Sai bayan kwana biyu mutum ya amsa, wai in sayi sabo. Gig 6 da ta rage mini ko zancenta bai yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don na gaya musu dalilin da ya sa na goge.

Washegari na je na yi rajistar layin ƙasar da nake zaune, mai lamba, mai kiran waje. Abokan aikin nan biyu kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye maganata.