Banki ko konsaltin? Amsa ga ƙanin da ya yi tambaya jiya

Salam. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce shekararka shida a banki nan Abuja, taget ya ishe ka, kana so ka koma konsaltin, wato aikin ba kamfanoni da hukumomi shawara, wanne ya fi? Ni ma shekara bakwai na yi a banki kafin na tsallaka, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Gajiyar dai ba raguwa take ba, kala kawai take canjawa. A banki ƙarfe bakwai da rabi kana reshe, ranar Litinin a tsare ka a mitin ina dipozit ɗin da ka ce za ka kawo, kuma tun da aka tilasta TSA, wato asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, a 2015 kuɗin ma'aikatu suka koma CBN ai 'yan maketin na Abuja suka ga ta kansu, ka wuni kana zarya tsakanin Wuse da Garki kana jiran Alhaji ya idar da sallah ko zai saurare ka. A konsaltin babu mai tambayarka dipozit, amma awanninka ne hajar da ake sayarwa, duk mako sai ka rubuta awa nawa ka yi wa wane kwastoma, in kuwa aka daɗe ba a saka ka a wani aiki ba to fara addu'a. Na taɓa kaiwa biyun dare ina gyara shafi 40 na PowerPoint, da safe oga ya duba ya ce uku kawai za mu nuna. Wallahi ranar sai da na yi kewar banki.

Maganar kuɗi kar ka bari a ruɗe ka. Banki na da albashin wata na 13 da rabon riba da rancen ma'aikata mai sauƙin ruwa. Konsaltin kuma sau da yawa sai an sauke ka mataki, yaron da ka girma da shekara biyar ya zama shi ke duba aikinka, in kana da girman kai ba za ka jure ba. Inda ya fi banki shi ne ilimi, a shekara ɗaya ka leƙa cikin kamfanin wuta da ma'aikatar lafiya da masana'antar siminti, a reshe kuwa aikin bara shi ne na bana.

Sai kuma garin. Manyan kamfanonin konsaltin irin su PwC da KPMG da Deloitte da EY duk suna da ofis a Abuja, amma McKinsey da BCG babban ofishinsu na Najeriya a Legas yake, in su kake hari shirya ƙaura. Kasuwar Abuja ta gwamnati ce da masu ba da tallafi irin su Bankin Duniya, gwamnati kuma ka san halinta da jan ƙafa wajen biya, manyan kamfanoni na iya jira, ƙanana kuwa albashi ne ke maƙalewa. Da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025 mutane da yawa a garin nan suka wayi gari babu kwangila. Banki ma na sallama, amma ƙarshen wata alat na shigowa.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne wane teburi kake. In kana bangaren tantance bashi ko odit ko kula da haɗari, ga takardar ƙwarewar akanta ta ICAN ko ACCA a hannu, ka iya Excel da gaske ba na jera sunaye ba, to ka nema, ni ina ganin ya fi maka. In kuma a kan kanta kake ko maketin zalla, fara neman canjin teburi a cikin bankin tukuna. Intabiyun kamfanonin konsaltin ma daban ne, ce maka za a yi ƙiyasta buhun shinkafa nawa ake ci a Abuja a wata, ga takarda ga biro, ba amsar suke so ba, yadda ka bi ka isa gare ta suke kallo.

Kafin ka miƙa takardar ajiye aiki ka je ka karanta sharuɗɗan rancenka. Ni ban karanta ba, ina fita aka mayar min da bashin mota kan ruwan da ake caje kwastoma, wata takwas ina biya ina cizon yatsa. Kana da bashi a kanka?