Dattijon da ya nuna mini aibin kayansa a Shinjuku

'Yan'uwa da dama suna tambayata wace kyamara nake ɗaukar hotunan titunan Tokyo da ita, wasu har suna cewa in riƙo musu irinta idan zan zo gida. Zan ba ku amsa, amma ku yi haƙuri in fara da ranar da na saye ta, domin har yau abin da ya faru bai sake ni ba.

Asabar ce a ƙarshen watan Yuni, tsakiyar daminar nan da suke kira tsuyu, lokacin da riga ba ta bushewa a kan igiya. Na fita ta ƙofar yamma ta tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku, inda unguwar masu kyamara take. Manya irin su Yodobashi Camera da Map Camera suna nan, sannan ga ƙananan shagunan kayan hannu da suka maƙale a hawa na uku da na huɗu na wasu siraran benaye, matakalarsu ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Ɗaya daga cikin waɗannan na hau.

Na je ne da shirin yaƙi. Akwai tocila a aljihuna, da katin ajiyar hoto nawa na kaina, da zuciyar mutumin da aka taɓa cuta. Kafin in bar gida na taɓa tara kuɗi wata da watanni na sayi kyamara a hannun wani ɗan kasuwa da ya rantse mini da girman Allah cewa bature ne ya yi amfani da ita sau biyu kacal ya ajiye. A tsakiyar ɗaurin auren abokina ta ɗauke wuta, ba ta ƙara tashi ba. Da na mayar masa ko kallon kirki bai yi mini ba, ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. To wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Abin da nake nema wata 'yar ƙaramar kyamara ce mai suna Ricoh GR IIIx, kuma akwai guda biyu a cikin akwatin gilashi. A idona babu abin da ya raba su, amma ɗaya an rubuta mata A, ɗaya B, kuma tazarar farashinsu ta kai kuɗin cefanena na mako biyu. Na nuna mai arahar. Mai shagon, wani dattijo mai furfura, ya sa farar safar hannu, ya ɗauko ta ya ɗora a kan faranti mai shimfiɗar ƙyalle, ya miƙo mini da hannu biyu. Na juya ta gaba da baya, na kunna, na kashe, na haska tocila, na ɗauki hoto biyar na duba. Ban ga komai ba. Raina ya ce ko dai kuskure suka yi wajen rubuta farashi, gara in biya in sauka kafin su farga. Na ce na saya.

Sai dattijon ya ce in dakata. Ya karɓi tocilata, ya kunna kyamarar gilashinta ya fito, ya karkata hasken daga gefe, ya ce in sunkuyo. Can a gefen gilashin gaba sai ga wata 'yar ƙarzuwa, siririya kamar gashin gira. Ya ce mai ita na farko ya goge ta ne da ƙyalle mai kaushi. A yawancin hotuna ba za ta nuna ba, amma idan na fuskanci rana ko fitilar mota da dare, zan iya ganin ɗan hazo a wannan kusurwar. Ya ɗauko takardar da ke jikin kyamarar ya nuna mini inda aka rubuta hakan, wanda ni ban iya karantawa ba saboda rubutun Japananci ne da suke kira kanji. Sannan ya tambaye ni: da sanin wannan, har yanzu kana so?

Wallahi kunya ce ta rufe ni. Minti ɗaya da ya wuce ina ƙoƙarin in yi wuf da abin da na zaci kuskurensa ne, shi kuwa yana tsaye yana jiran ya nuna mini dalilin da zai iya sa in fasa. Ba Musulmi ba ne, ban kuma ji ya rantse da komai ba. Mu ne muka tashi da hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Tun muna Islamiyya muka haddace shi. Amma je ka sayi waya ta hannu a gida, ka ga yadda ake manna sabuwar leda a kan fuskar da aka canza, a ce maka ko buɗe ta ba a taɓa yi ba. Mai saye ma ya saba, har yana ganin wanda ya faɗi aibin kayansa bai iya kasuwa ba. Ni kaina da wannan tunanin na hau benen.

Na saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ni an nuna mini ramin tawa kafin in biya. Ya rubuta ƙarzuwar a jikin rasit, ya haɗa mini da takardar garanti. Daga baya na fahimci ba halinsa ne shi kaɗai ba, tsari ne. Kusan kowane shagon kayan hannu yana da matakai, daga wanda ya yi kama da sabo har zuwa kwandon da suke kira janku, inda ake zuba waɗanda suka lalace a rubuta ƙarara cewa babu garanti. Gilashin da fumfuna ta kama saboda danshin damina, a rubuce yake. Kuma doka ta wajabta wa shago ya duba katin shaidar wanda ya kawo kaya sayarwa, don haka ɓarawo ba ya samun kasuwa da sauƙi. Wannan ne ya sa kayan hannu ke da daraja a nan: wanda ya saya ya san abin da ya saya, in ya tashi sayarwa shi ma za a auna masa da mudu ɗaya.

Kada ku ɗauka komai zuma ne. Babu ciniki. Da na gwada neman ragi kamar yadda jinina ya saba, murmushi kawai ya yi ya sake nuna mini takardar farashin, kuma na ji kewar kalmar albarka, da zaman benci, da shayin da ake aiko wa mai saye tun ba a daidaita ba. Sannan ga haraji na kashi 10 cikin ɗari, wanda ɗan yawon buɗe ido mai fasfo ke tsallakewa a shaguna da yawa, ni kuwa da nake zaune a ƙasar sai na biya. Masu cewa in riƙo musu kuma su sani, wasu kamfanoni suna sayar da kyamarorin cikin gida da rubutun Japananci kaɗai a allonsu, babu yadda za ka mayar da shi Turanci. Sababbin ƙananan kyamarorin ma samunsu aiki ne. Tun da Fujifilm X100V ta yi tashe a TikTok, wadda ta gaje ta, X100VI ta shekarar 2024, ta zama sai an jira, wasu shagunan har ƙuri'a suka riƙa jefawa kafin su sayar.

Dalilin da ya sa na nace wa ƙarama shi ne titi ba ya son babbar kyamara. A gida mun ɗauka girman kyamara shi ne girman mai hoto. Ina yaro na riƙe wa wani mai hoto jaka a gidajen biki, na ga yadda ake raina wanda ya zo da 'yar ƙarama ko da hotonsa ya fi kyau. A biki hakan na da amfani, don ana so a ga mai hoto a gyara zama. A titi kuwa da zarar an gan ka, hoton ya gudu. GR nauyinta bai wuce giram 260 da 'yan kai ba, tana shiga aljihun gaba na kaftani, amma faifan da ke karɓar haske a cikinta girmansa ɗaya da na manyan kyamarori da yawa da ake yawo da su a biki. Ƙarar ɗaukarta kamar ƙyas ɗin farce ce. Wannan na da muhimmanci a Japan, inda wayoyin da ake sayarwa ke yin ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto kuma ba a iya kashe ta. Shahararren mai hotonsu Daido Moriyama, wanda aka haifa a 1938, da irin waɗannan 'yan ƙananan ya shafe shekaru yana zaga lungunan Shinjuku.

Gilashinta ɗaya ne, ba ya cirewa, ba ya zuƙowa. In kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta kai ka. GR III ta 2019 faɗin ganinta daidai yake da milimita 28, IIIx ta 2021 kuwa milimita 40, X100 tana tsakiya da 35. Na daɗe ina kai-kawo tsakanin 28 da 40. Mai 28 tana kwaso wuri da yawa, amma sai ka matsa har mutum ya ji numfashinka kafin ya cika hoton. Mutanen Tokyo ba sa son haka, ni kuma baƙo ne baƙar fata da ake hangowa daga nesa, shi ya sa na ɗauki 40, wadda ke barina in tsaya taku huɗu ko biyar baya. Abin da na fi so a jikinta shi ne za ka iya ƙayyade mata nisa tun kafin ka ɗaga hannu, ka ce mita 2 ko 2.5, ka ƙanƙance idonta zuwa f/8, kana dannawa ta ɗauka ba tare da ta tsaya lalube ba. Batirinta dai hoto wajen 200 yake yi, don haka na biyu dole ne.

Ɗaukar hoton mutane a nan ma da iyaka. A unguwar Gion ta Kyoto, tun 2019 aka kafa allunan hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, saboda yadda baƙi ke bin mata masu kayan gargajiya da kyamara. Ba na ganin laifinsu. Amma yawancin hotunana na Tokyo bayan mutane ne, da lema, da inuwa a kan zanen tsallaka titi. Kowa ya sunkuyar da kai yana sauri, fuska a rufe da takunkumi. Sai in tuna a gida kana fito da kyamara yara sun kewaye ka suna a ɗauke ni, mai nama yana gyara hula, wata tsohuwa tana tambayar ɗan gidan wane ne kai kafin ta yarda. Har wanda zai tare ka ya ce kai ɗan leƙen asiri ne, ko sai ka biya, yanzu kewarsa nake ji, don aƙalla ya yi maka magana.

Kafin in sauko, dattijon ya tambaye ni inda zan fi amfani da ita. Na ce Kano, na yi masa bayanin hunturu da ƙurar da ke shiga har cikin akwati a kulle. Ya yi shiru, sannan ya ce duk kyamarar da gilashinta ke fita yana komawa ba ta shiri da ƙura, kada in jefa ta aljihu tsirara, in sa ta a 'yar jaka mai zif, kuma kada in goge gilashin sai na fara hure shi da famfon roba. Ya ɗauko ɗaya daga ƙarƙashin teburi ya nuna mini yadda ake yi, ya faɗi kuɗinsa, na biya.

Bayan mako biyu rana ta fito. Da la'asar na tsaya a wata mahaɗa kusa da tashar na fuskanci yamma da gangan, na danna. Da na duba, ga ɗan hazon nan a kusurwar da ya nuna mini, bai fi ƙwayar gero ba. Yanzu in zan fuskanci rana sai in kare gefen da tafin hannun hagu. Rasit ɗin yana cikin jakar kyamarar, da shi zan zo gida da Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Ina so in yi sammako zuwa marinar Ƙofar Mata kafin rana ta yi ƙarfi, daga nan in shiga Kurmi, inda na san lungunan za su sa in yi da-na-sanin barin mai milimita 28 a cikin akwatin dattijon.